Kalmar Sirri, Kati ko Takarda: Wace Hanya Ta Fi Aminci Wajen Haɗa Asusun Banki da Manhajojin Kuɗi?

Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira, da wuya mutum ya shiga Babbar Kasuwar Katsina ya ga rumfar da ba a liƙa lambar asusu a jikinta ba. Mai hatsi da mai atamfa da mahauci duk sun saba da tiransifa, waya kuma ta zama aljihu. A bayan wannan sauyi akwai wani mataki da ba a cika tattaunawa a kansa ba, wato manhajojin da ba na bankin mutum ba ne, na tanadi da na rance da na zuba jari da na lissafin shago, waɗanda kowace ke neman a haɗa ta da asusu kafin ta yi aiki. 'Yan kasuwar da nake taya tsara lissafi sukan miƙo mini waya su ce, "Malam, duba mini, wannan manhajar tana da kyau?" Abin da nake fara dubawa shi ne me take nema a miƙa mata, domin manhaja ɗaya tana iya ba mutum hanyoyi biyu ko uku na haɗawa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kai ta tsakanin nuna wa baƙo lissafin buhunan da ke cikin sito da danƙa masa makullin siton.

Tambayoyi uku nake auna kowace hanya da su. Me kamfanin zai iya gani? Zai iya taɓa kuɗin, ko kallo kawai zai yi? Sannan ranar da mai asusu ya ce ya fasa, a hannun wa igiyar take, a hannunsa da na bankinsa, ko sai ya roƙi kamfanin? Ta ukun ce mutane suka fi mantawa da ita, alhali ranar rajista komai lafiya lau yake tafiya, sai ranar rabuwa ake gane ko an yi dabara ko an yi ganganci.

Hanyar da ta fi kowace haɗari ita ce wadda ta fi kama da sauƙi. Manhaja za ta buɗe shafi mai ɗauke da sunayen bankuna da tambarinsu, ka zaɓi naka, sai ta ce ka rubuta sunan shiga da kalmar sirrin da kake buɗe manhajar bankinka da su. Abin da ke biyo baya shi ne, na'urar kamfanin, ko ta wani kamfanin dillancin bayanai da yake aiki da shi, za ta shiga banki da sunanka, ta karanta shafukan kamar yadda kai kake karantawa, ta kwashe abin da ta gani. A wurin banki kai ne ka shiga, saboda haka ba shi da dalilin rufe mata wata ƙofa. Duk abin da kake gani ita ma tana gani: asusun da ka yi niyyar nunawa da wanda ba ka yi niyya ba, albashi, bashin da ake bin ka, da jerin mutanen da ka saba tura wa kuɗi. Kamfanin zai ce karantawa kawai yake yi, mai yiwuwa kuma gaskiya ya faɗa, amma wannan alkawari ne nasa. Makullin da ke hannunsa cikakke ne, kuma abin da ya rage tsakaninsa da kuɗin bai wuce lambar PIN ko lambar OTP ba, wato lambar amfani sau ɗaya da banki ke turowa ta waya don tabbatar da mu'amala.

Adalci ne a faɗi cewa ba duk mai amfani da wannan hanya ne maƙetaci ba. Ta samo asali ne daga lokacin da bankuna ba su buɗe wa kowa ƙofar musayar bayanai ba, don haka manyan kamfanoni masu suna suka yi aiki da ita shekara da shekaru. Sai dai ko a wurin manyan ma ba ta tsira daga matsala ba. A 2021 kamfanin Plaid, ɗaya daga cikin manyan dillalan irin waɗannan bayanai a Amurka, ya amince ya biya dala miliyan 58 don a sasanta ƙarar da masu asusu suka shigar, inda suka zarge shi da kwasar bayanai fiye da buƙata, da kuma tsara shafin shigarsa ya yi kama da na bankunansu. Idan haka ta faru a inda masu asusu ke iya haɗa kai su ɗauki lauyoyi, mai sayar da taki a Daura ya kamata ya yi tunani sau biyu.

Akwai kuma batun alhaki. Takardar da kowa ya sa wa hannu ranar buɗe asusu tana ɗauke da sharaɗin kada ya bayyana wa kowa kalmar sirrinsa. Idan kuɗi suka ɓace, tambayar farko da banki zai yi ita ce ko mai asusun ya taɓa ba wani bayanan shigarsa, kuma amsar "na ba wata manhaja" tana raunana hujjarsa sosai. Wasu suna dogaro da inshorar NDIC, hukumar da ke inshorar kuɗin ajiya a bankuna, wadda aka ɗaga a 2024 zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, amma wannan inshora ta ranar da banki ya durƙushe ce, ba ta ranar da aka yashe asusun mutum ɗaya ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne sabon da hannu ke yi. Wanda ya saba rubuta kalmar sirrin bankinsa a shafin da ba na banki ba, ranar da ɗan damfara ya turo masa shafi mai kama da wancan, babu abin da zai faɗakar da shi, domin shafukan biyu iri ɗaya suke. Wanda ya riga ya bi wannan hanya yana da mafita guda a hannunsa, wato ya canza kalmar sirrin yau, wanda shi ne zai mayar da tsohon makullin ƙarfen banza.

Kishiyar wannan ita ce abin da ake kira buɗaɗɗen tsarin banki. Birtaniya ta fara aiki da shi a Janairun 2018, bayan an umarci manyan bankunanta tara su buɗe ƙofar musayar bayanai bisa iznin masu asusu. A Najeriya, Babban Banki ya fitar da ginshiƙin tsarin a Fabrairun 2021, sannan ya biyo da ƙa'idojin aiwatarwa a Maris na 2023. Bambancinsa da hanyar farko yana cikin wurin da ake shigar da sirrin. Manhajar za ta tura ka zuwa manhajar bankinka ko shafinsa, bankin da kansa ya tantance ka, ya nuna maka abin da ake nema, misali tarihin shige da fice na asusu ɗaya, idan ka amince sai ya ba kamfanin wata shaida ta musamman wadda ba ta buɗe komai sai abin da ka yarda da shi, kuma tana da wa'adi. Kamfanin ba zai taɓa ganin kalmar sirrinka ba. Mai shanu a karar Mai'adua haka yake yi da dillali: ya nuna masa sa guda, ya faɗa masa kuɗin da ba zai sallama ƙasa da shi ba, idan kasuwa ta tashi wakilci ya ƙare, kuma babu wanda ya yi zancen makullin gida.

Tsarin na Babban Banki ya kasa bayanai gida huɗu gwargwadon haɗarinsu. Na farko shi ne abin da kowa zai iya sani, kamar wuraren rassa da na'urorin ATM da kuɗaɗen caji. Na biyu alƙaluma ne na jimla waɗanda ba su nuna mutum ɗaya ba. Na uku shi ne bayanan mutum da mu'amalolinsa, na huɗu kuma ƙididdigar halinsa wajen kuɗi, irin wadda ake auna cancantar rance da ita. Kamfanin da ba shi da lasisi kuma ba ya cikin shirin da Babban Banki ke gwada sababbin kamfanonin kuɗi a ƙarƙashin kulawarsa bai da hurumin wuce gida na biyu. An kuma tanadi cewa a riƙa sabunta iznin mai asusu duk shekara, haka nan idan ya yi kwana 180 bai yi amfani da hidimar ba. A kan tambayoyina uku, wannan hanya ta fi ta farko nesa ba kusa ba: abin gani yana da iyaka, izinin karantawa daban yake da izinin biya, kuma banki ya san da zaman alaƙar, don haka ana iya yanke ta daga ɓangarensa.

Tana da rauni biyu da bai kamata a ɓoye ba. Janye izini yana rufe famfo ne, ba ya dawo da ruwan da aka riga aka ɗiba, domin abin da kamfanin ya kwafa yana nan a na'urorinsa. A nan ne Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, take da amfani, saboda ta ba mutum 'yancin janye amincewarsa da neman a goge bayanansa, ta kuma kafa hukumar NDPC da ake kai wa ƙara. Rauni na biyu shi ne suna ba hujja ba ne. Manhaja tana iya rubuta cewa tana aiki da buɗaɗɗen tsarin banki, ta kuma nemi kalmar sirri a cikin shafinta. Gwajin mai sauƙi ne: idan manhajar bankinka ce ta buɗe, ka shiga yadda ka saba, da yatsa ko da fuska ko da lambarka, to banki ne ke tantance ka, idan kuwa akwatin rubutun yana cikin manhajar kamfanin ne, ko da an manna masa tambarin banki da launinsa, to hanyar farko ce aka sake wa riga.

Hanya ta uku tsohuwa ce, kuma ga buƙatar da ba ta wuce sau ɗaya ba har yanzu ita nake fifitawa. Mutum ya sauke takardar shige da ficen kuɗinsa, wadda muke kira sitatimen, daga manhajar bankinsa, ya ɗora ta a inda ake nema. Shi zai zaɓi asusun, shi zai zaɓi watannin, uku ko shida, kuma takardar ba ta buɗe komai, ba ta motsa ko kwabo, ba ta ƙaruwa da sabon bayani gobe. Ga malamin makaranta da ke neman rancen babur, ko ɗan kasuwar da kamfani ke son ganin ƙarfin cinikinsa kafin ya ba shi kaya bashi, wannan ya wadatar, kuma babu dalilin buɗe taga ta dindindin saboda kallo ɗaya.

Matsalar takardar ita ce ba ta dawowa, sannan abin da ke cikinta ya fi abin da muke zato. Akwai cikakken suna da adireshi da lambar asusu da abin da ya rage a ciki, akwai kuma sunayen duk waɗanda suka turo ko aka tura wa. Yadda muke mu'amala da ita ne ya fi ban tsoro. Ana tura ta ta WhatsApp ga wani da ya ce shi wakilin kamfani ne, ko a kai shagon kwamfuta a buga, a tafi a bar fayil ɗin a kan na'urar da mutum ɗari za su zauna a gabanta. A wasu wurare wannan batun sirri ne kawai. A jihar da ta sha fama da satar mutane don kuɗin fansa, inda kowa ya san ɓarnar da infoma ke yi, takardar da ke nuna an biya manomi kuɗin masararsa a makon jiya, da adireshinsa a samanta, batu ne na rai. Akwai kuma amana. Uwar adashi, da ma'ajin masallacin unguwa, da wanda ke riƙe da dukiyar marayu, idan suka miƙa bayanan asusunsu sun miƙa sirrin mutanen da ba a nemi yardarsu ba. Irin wannan asusu ina ganin bai kamata a haɗa shi da kowace manhaja ba, ta kowace hanya. Ga sauran mutane kuwa, a ɗora takardar a cikin manhajar kamfanin kai tsaye, kada ta bi ta hannun wakili, kuma idan an buga ta a shago a tsaya a ga an goge.

Sai wata hanya da mutane da yawa ba su ma san sun bi ta ba, domin ba a tambayarsu komai game da banki. Manhaja za ta nemi iznin karanta saƙonnin waya, mutum ya danna amincewa don ya wuce, daga nan ta karance duk alat ɗin da bankunansa suka taɓa turo masa, ta gina cikakken hoton samunsa da kashewarsa. Akwatin da alat ke shiga kuwa shi ne lambar OTP ke shiga. Idan aka haɗa da iznin ganin lambobin da ke cikin waya, an ba kamfanin bulalar da zai daki mutum da ita. Mutane da dama a garin nan sun taɓa samun saƙo daga lambar da ba su sani ba, ana kiran wani ɗan uwansu ɓarawo saboda ya makara biyan rancen da bai taka kara ya karya ba, kuma an tura irin saƙon ga surukinsa da shugabansa a wurin aiki. Wanda ya san nauyin mutunci a ƙasar Hausa ya san wannan ya fi kuɗin ciwo.

Hukumomi sun ɗauki matakai a kan haka. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta ci tarar wani kamfanin rance naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu karɓar bashi. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta wajabta wa masu ba da rance ta waya yin rajista, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su. Daga ƙarshen Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke shagonsa na Play Store taɓa lambobin waya da hotunan mutane. Wannan kariya ta tsaya ne ga abin da aka sauke daga shagon. Manhajar da aka turo ta mahaɗi a WhatsApp, ko aboki ya tura ta Xender, ba ta bi ta wannan ƙofar ba, kuma irinta ce ke neman izini mafi muni, wato wanda aka tanada a wayoyin Android don taimaka wa masu lalurar gani, wanda ke ba manhaja damar ganin duk abin da ke kan allo har ta danna da kanta. Manhajar kuɗin da ta nemi wannan, a cire ta nan take. Ana iya janye sauran izinin a cikin saitin waya, igiyar tana hannun mai waya, sai dai abin da aka kwashe a daƙiƙar farko ya riga ya tafi.

Duk waɗannan sun shafi gani ne. Idan manufar ita ce manhaja ta riƙa karɓar kuɗi, kamar tanadin wata-wata ko biyan rance, zaɓin ya koma tsakanin abubuwa uku, kuma a nan ne aka fi yin kuskure saboda ukun suna kama da juna a ido. Wanda aka fi sani shi ne haɗa katin ATM: a shigar da doguwar lambar, da ranar ƙarewa, da lambobi uku na baya, a tabbatar da OTP sau ɗaya, sai kamfanin sarrafa biya irin su Paystack ko Flutterwave ko Interswitch ya adana wata shaida a madadin katin. Amfanin wannan shi ne manhajar ba ta riƙe lambar katin kanta. Amma daga ranar tana iya cirar kuɗi ba tare da an sake turo OTP ba, kuma galibi babu wani rufi, wato iyakar abin da za a iya cira, da mai katin ya sa da hannunsa. Cire katin a cikin manhajar yana hannun kamfani ne, kuma masu rance ba sa bari a cire matuƙar akwai bashi. Abin da ke hannun mai asusu shi ne ya toshe katin gaba ɗaya, ya biya kuɗin sabo, ya sake haɗa duk sauran abubuwan da ke rataye a jikinsa.

Umarnin cirar kuɗi kai tsaye daga asusu, wanda ke bi ta kamfanin NIBSS da ke haɗa bankunan ƙasar, ya fi kati tsari, domin ana rubuta adadin da ba za a wuce ba da ranar farawa da ta ƙarewa, kuma banki yana da labarinsa, ana iya zuwa can a soke shi. Sharaɗin shi ne a karanta adadin kafin a amince, saboda wasu kamfanoni sukan rubuta rufin da ya ninka abin da ake bin mutum. Na ukun kuma shi ne na fi so ga mai tanadi: kada kowa ya janyo, shi ya tura. Manhajojin tanadi irin su PiggyVest da Cowrywise suna ba mutum lambar asusu tasa, sai ya umarci bankinsa ya riƙa tura adadi kaza duk ƙarshen wata, ko ya tura da hannunsa. Ta haka manhajar ba ta ganin komai a asusunsa, ba ta iya ɗaukar komai, kuma ranar da ya so dainawa ba sai ya sanar da kowa ba. Mai karɓar rance daga banki kuma ya lura da wani sharaɗi da ake kira GSI, wanda ya fara aiki a 1 ga Agustan 2020, wanda ke ba banki damar karɓo bashinsa daga sauran asusun mutum a wasu bankunan ta hanyar BVN idan ya gaza biya. Halastaccen tsari ne, amma wanda ya sa masa hannu ya san cewa raba kuɗi a bankuna ba zai ɓoye su ba.

Game da BVN ɗin kansa, ana yawan ruɗewa ta fuska biyu. Neman wannan lamba mai alƙaluma 11 ba alamar damfara ba ne, domin tun ƙarshen 2023 Babban Banki ya wajabta a haɗa ko da ƙaramin asusu ne da BVN ko NIN, don haka manhajoji masu lasisi sukan nema. Lambar ita kaɗai ba ta cire kuɗi. Haɗarinta shi ne ana iya gano suna da ranar haihuwa da lambar waya da ita, kuma da waɗannan ne ɗan damfara ke kira ya ce daga banki yake, ya karanto wa mutum bayanansa daidai har ya saki jiki ya faɗi OTP. Lambar PIN da OTP ba sa cikin wannan kwatanci ko kaɗan, saboda babu wata hanya ta halal da ke buƙatar a faɗa wa wani mutum su, ko da ma'aikacin banki ne.

Idan aka tattaro, zaɓin ya danganta da buƙata. Mai neman rance sau ɗaya, ko daga bankin da ba ya mu'amala da ruwa ne irin su Jaiz da TAJBank, takarda ta ishe shi. Mai shagon da ke son manhaja ta riƙa tsara masa cinikin yau da kullum yana buƙatar alaƙa mai ɗorewa, kuma a gare shi izinin da ke bi ta bankinsa ne kaɗai ya dace. Idan bankinsa da manhajar ba su da wannan haɗin, gara ya riƙa ɗora takarda duk ƙarshen wata, wahalar minti biyar ce, da ya miƙa kalmar sirri. Mai tanadi ya tura da kansa. Mai biyan bashi kashi-kashi ya nemi umarni mai rufi da wa'adi kafin ya yarda da kati.

A ƙarƙashin duk waɗannan akwai dabara guda da ke rage asarar kowace hanya, wato asusu biyu. Ɗaya shi ne rumbu, inda albashi ko jari ke zama, ba a haɗa shi da komai, katinsa ba ya yawo. Ɗayan kuma shi ne ake haɗawa da manhajoji, ana zuba masa abin da ake buƙata kawai. Na ga amfanin wannan a kan wani maƙwabcina mai sayar da kayan gini, wanda wata manhaja ta cire masa kuɗi sau biyu a dare ɗaya. Da yake abin da ke cikin asusun kaɗan ne, cirewa ta uku ba ta sami komai ba, kuma jarinsa na can inda manhajar ba ta san da shi ba. Haka kuma layin wayar da alat ke shiga ya cancanci a sa masa PIN na sim, domin wanda ya saci waya ya zare sim ɗin yana iya gwada lambobin USSD na bankuna da shi. Idan layi ya mutu haka kawai alhali na maƙwabta suna da sabis, a ɗauka wani ya yi masa walkam bak, wato ya karɓi sabon sim da lambar mai layin, a sanar da banki kafin a tafi ofishin kamfanin waya. Mutanen ƙananan hukumomin da aka katse wa layukan sadarwa a 2021 saboda matsalar tsaro sun san yadda ake yin makonni babu alat, kuma duk wanda ke zaune ko noma a inda sabis ke yankewa ya fi kowa buƙatar hanyar da ba ta cirar kuɗi a bayan idonsa.

Kafin a haɗa komai, a duba sunan kamfanin, wanda sau da yawa ya bambanta da sunan manhajar, a jerin hukumar da abin ya shafa: Babban Banki ga masu riƙe kuɗi da masu sarrafa biya, hukumar SEC ga masu zuba jari, FCCPC ga masu rance. Idan kuma abin da ake gudu ya auku, tsarin matakai yana da muhimmanci. A fara toshe kati ko asusun ta lambar USSD da kowane banki ya tanada, wadda ya kamata a rubuta a takarda tun yanzu, domin ana iya amfani da ita daga wayar wani. A canza kalmar sirri, a soke umarnin cira, sannan a kai koke a rubuce ga banki a karɓi lambar shaidar koken. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, a mafi yawan koke-koke ana iya ɗaukaka maganar zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, kuma lambar shaidar nan za a fara tambaya. Abin da ya shafi tozartawa ko yaɗa bayanai kuwa, NDPC da FCCPC ake kai wa, tare da hotunan saƙonnin da lambobin da suka turo su, don haka kada ɓacin rai ya sa a goge su.